Turaren lemo da itace na maza da mata: wane irin mutum yake nunawa?

Mai Neman Sani ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Tambayata a kan nau'in turaren nan ne da ake haɗa ƙamshin lemo da na itace a kwalba ɗaya, wanda masu yin sa suke cewa namiji da mace duk suna iya shafawa. Duk bayanin da na karanta a kan irinsa, da wuya a gama ba a siffanta mai shafa shi ba: wai mutum ne mai tsafta, mai fara'a amma mai kamun kai, wanda ya san abin da yake yi kuma ba ya neman a kula da shi. Ina son in san ko wannan magana tana da tushe, ko kuwa daɗin bakin masu talla ne kawai.

Akwai kuma abin da ya fi ɗaure mini kai. Idan aka fesa irin wannan turare, ƙamshin da ke fara bugun hanci na ɓawon lemo ne, mai kaifi da sanyi, wanda shi ne yake sa mutum ya so turaren tun farko. Kafin a jima sai a neme shi a rasa, abin da ya rage a fata wani busasshen ƙamshi ne mai kama da na fensir da aka fere. To, idan har turare yana nuna halin mai shi, wanne ne daga cikin biyun yake magana da yawunsa, na farkon da bai daɗe ba, ko na ƙarshen da ya zauna? Kuma mene ne a cikin lemo da itace da ya sa aka yarda su dace da jinsi biyu, alhali wardi da yasmin an jingina su ga mata, taba da fatar jima kuma ga maza? Ina roƙon masu sani su yi mini bayani dalla-dalla.

Tsohon Mai Haɗa Turare ya amsa:

Wa'alaikumus salam, 'yata. Zan fara da tambayarki ta tsakiya, domin idan aka gane ta, sauran za su zo da sauƙi.

Ɓacewar ƙamshin lemo ba aibin turaren ba ne, haka Allah ya yi sinadarinsa. Man lemo a ɓawo yake, cikin 'yan ƙananan ramukan nan da ake gani a bayansa. Idan kika lanƙwasa ɗanyen ɓawo kusa da haske za ki ga wani ɗan feshi ya tashi, ya jiƙa miki yatsa, in ya shiga ido kuma ya yi zafi. Wannan shi ne man, kuma yawanci matse shi ake yi ba tare da an ɗora a wuta ba, don kada zafi ya ɓata shi. Mafi yawan abin da ke cikin man lemun zaƙi sinadari ne da ake kira limonin, wanda yakan kai kashi 90 cikin 100 ko fiye. Ƙwayar wannan sinadari ƙarama ce mara nauyi, ƙwayoyin kabon 10 ne a jikinta, saboda haka da zarar ta ji ɗumin fata sai ta tashi. Sinadaran da ke ba itace ƙamshinsa kuwa, kamar santalol na itacen sandal da sidrol na itacen al'ul, kabon 15 gare su, sun fi nauyi kuma sun fi manne wa fata da tufafi. Shi ya sa lemon yake gama aikinsa cikin minti 15 zuwa rabin awa, itacen kuma yana iya wuni. A tare aka fesa su, tun farko itacen yana nan. Ƙarfin lemon ne ya danne shi har sai da ya wuce.

Gwanintar mai haɗa turare tana bayyana ne a tsakanin waɗannan biyun. Idan ya ɗora lemo a kan itace kawai ya rufe kwalba, za a ji turaren ya karye gida biyu, kamar yadda kika kwatanta. Wanda ya iya aikinsa yakan sa abin da zai riƙe hannun lemon ya miƙa shi ga itacen. Bishiyar lemo mai ɗaci ita kaɗai tana ba da mai iri uku: na ɓawo, na fure wanda ake kira neroli, da na ganye da ƙananan rassa wanda ake kira fetigiren. Na ganyen nan yana da ɗanyen ƙamshi mai ɗan ɗaci, rabinsa lemo rabinsa itace, kuma ya fi na ɓawo daɗewa. Akwai kuma bargamot, wani ɗan lemo da mafi yawansa ake nomawa a yankin Kalabiriya da ke kudancin Italiya, wanda ƙamshinsa ya fi na sauran laushi domin yana ɗauke da sinadaran da ake samu a fure ma. Daga cikin na ɗakin gwaji kuma akwai Hedione, wanda kamfanin Firmenich na Suwizalan ya samar, mai sa turare ya yi haske da faɗi a iska, da Iso E Super da kamfanin IFF na Amurka ya fito da shi a 1973, wanda ƙamshinsa na itace ne mai santsi, ba shi da nauyi ko kaɗan. Da wuya ki ɗauki turaren lemo da itace na wannan zamani ki rasa ɗaya daga cikin biyun nan a ciki.

Game da hali kuwa, ra'ayina shi ne wanda yake son ya san abin da turaren zai faɗa a kansa, ya duba irin itacen da aka sa, kada ya tsaya a kan lemon. Lemo kusan abu ɗaya yake cewa a ko'ina: tsafta, wartsakewa, sakin fuska. Itacen ne ke bambanta. Al'ul, musamman na Amurka wanda da irinsa aka daɗe ana yin fensir, busasshe ne mai kaifi, yana kawo hoton mutum mai tsari wanda ba ya son doguwar magana. Na tsaunukan Atlas na Maroko ya fi shi ɗumi da ɗan zaƙi. Betiba, wadda a gaskiya saiwar ciyawa ce 'yar'uwar jema ko da yake cikin itatuwa ake lissafa ta, kuma ƙasar Haiti ce kan gaba wajen fitar da manta, tana da ƙamshin ƙasa da ɗan hayaƙi da ɗaci. Mai shafa ta yakan zo wa mutane a matsayin mai zurfin ciki, wanda sai an zauna da shi ake gane shi. Sandal kuwa mai laushi ne, yana lafewa a jiki, kuma shi ya fi sauran kawo tunanin mutum mai sanyin hali da sauƙin kai. Turare uku za su iya buɗewa da bargamot iri ɗaya, amma bayan awa biyu su zama mutum uku da ba su yi kama ba.

In zan kwatanta miki, lemon sallama ce a bakin ƙofa, itacen kuma shi ne zaman da za a yi bayan an shigo. Sallama tana da muhimmanci, amma ba a yanke wa baƙo hukunci da ita. Don haka kada ki zaɓi turare daga warin bakin kwalba ko daga takardar gwaji. Ki fesa a wuyan hannu, kada ki goga, ki tafi harkokinki, ki riƙa sansanawa lokaci-lokaci har yamma.

Malamar Tarihi ta amsa:

Baba ya gama magana a kan sinadarai, ni kuma zan ɗauki batun jinsi, ƙanwata, domin tambayar da kika yi tana ɗauke da zaton cewa asalin turare rababbe ne, daga baya aka haɗe shi. A tarihin wannan nau'i akasin haka ne ya faru.

Kakan duk wani turaren lemo na yau shi ne ruwan Kolon, wanda Johann Maria Farina, ɗan asalin Italiya da ya zauna a birnin Kolon na Jamus, ya shahara da shi. Gidan kasuwancin danginsa an kafa shi ne a 1709. Man lemo iri-iri ne da ɗan ganyayyaki masu ƙamshi a cikin alkohol, kuma sarakuna da matan fada duk sun yi amfani da shi ba tare da wani ya tambaya ko na wa ne ba. An san Napoliyon, sarkin Faransa, da yawan kwarara shi a jiki. Jicky na gidan Guerlain, wanda ya fito a 1889, maza da mata duk sun ɗauke shi nasu. Colonia na Acqua di Parma, na 1916, shi ma haka. Raba kanti gida biyu, a ce wannan ɓangaren na mata ne wancan na maza, ya yi ƙarfi ne a ƙarni na 20, lokacin da turare ya zama babbar haja kuma aka ga cewa namiji ya fi saurin sayen kwalba idan an tabbatar masa ba ta mata ba ce. Wannan rabo ma ba na duniya duka ba ne, domin a ƙasashen Larabawa da Indiya maza sun daɗe suna shafa wardi ba tare da kowa ya ga baƙon abu ba.

Ko a lokacin da rabon ya fi tsanani, lemo da itace ba su taɓa tsayawa a ɓangare ɗaya ba. Eau Sauvage na Dior, wanda Edmond Roudnitska ya haɗa a 1966, don maza aka yi shi, amma mata da yawa suka karɓe shi, kuma shi ne sanannen turare na farko da Hedione ɗin da Baba ya ambata ya yi fice a cikinsa. A 1992 kamfanin Shiseido na Japan ya fitar da Féminité du Bois, inda aka ɗauki al'ul, wanda ake ganin na maza ne, aka gina turaren mata a kansa. Light Blue na Dolce & Gabbana, na 2001, lemun tsami ne da tuffa da al'ul, kuma na mata aka kira shi; Terre d'Hermès wanda Jean-Claude Ellena ya haɗa, na 2006, lemun zaƙi ne da garehul (wani babban lemo mai ɗaci) da betiba da al'ul, aka kira shi na maza. Ki dubi yadda kayan haɗin suka yi kusa, sai dai kwalba da hoton talla ne suka raba su.

Wanda ya mayar da rashin jinsi ya zama abin tallatawa a babbar kasuwa shi ne CK One na Calvin Klein, wanda Alberto Morillas da Harry Fremont suka haɗa, ya fito a 1994. Ya zo ne bayan shekarun 1980, zamanin turaruka masu ƙarfi irin su Poison da Kouros, waɗanda suke riga mai su shiga ɗaki kuma su daɗe bayan ya fita. Sai ga turare mai bargamot da koren shayi da ɗan miski da itace, a cikin kwalba mara ado, ana tallata shi da hotuna baƙi da fari na samari da 'yan mata cikin tufafi marasa kwalliya. A ganina, yawancin siffofin nan da kika karanta, na sauƙin kai da rashin son nuna isa da 'yancin zama yadda mutum yake so, daga wannan lokaci suka manne wa nau'in. Kafin nan, ruwan Kolon ya fi kawo tunanin dattijo mai tsafta da ya fito daga wanka ya sa farin kaya.

Dalilin da ya sa waɗannan biyun suka fi sauƙin zama a tsakiya kuwa, ina ganin domin ba su da zaƙi sosai kuma ba su da warin jiki ko na dabba. Zaƙi da fure su aka fi jinginawa ga mace, ɗaci da hayaƙi da fata ga namiji. Lemo da busasshen itace suna tuna wa mutum bishiya da iska da wuri mai tsafta, ba sa tuna masa jikin kowa.

Ɗan Shakka ya amsa:

Ina girmama Baba da Malama, amma ku yi mini afuwa, zan ɗan ja da maganar hali. 'Yar'uwa, hali zanen dutse ne, kuma babu ruwan da za a fesa a wuya ya sauya shi ko ya tona shi. Maƙaryaci yana iya sayen betiba, mai fushi yana iya sayen sandal. Siffofin da ake rubutawa a bayanin turare an zaɓe su ne yadda kowa zai so a ce nasa ne. Wa zai ƙi a kira shi mai natsuwa da sanin ya kamata? Ban taɓa ganin kwalbar da aka rubuta cewa ta dace da mai rowa ko mai gulma ba, alhali su ma suna sayen turare.

Abin da na yarda da shi shi ne ƙamshi yana tayar da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta ɗaura masa. Saƙon hanci yana isa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da motsin rai da tunawa ta hanya mafi gajarta fiye da saƙon ido ko kunne, shi ya sa wari yake dawo da abin da aka manta nan take. Lemo ya zama alamar tsafta ne domin shekara da shekaru ana sa ƙamshinsa a sabulu da ruwan wanke-wanke da na goge ƙasa. Akwai gwajin da masu nazarin halayyar ɗan Adam suka yi a ƙasar Holan, aka wallafa a 2005: an zaunar da mutane a ɗakin da aka ɓoye bokitin ruwa mai ƙamshin lemo na abin goge-goge, daga baya aka ba su abin da ke marmashewa su ci, sai aka ga sun fi waɗanda ba su shaƙi ƙamshin ba yawan share marmashin daga tebur, ba tare da sun san dalili ba. Wannan ya nuna tasirin yana kan mai shaƙa, kuma daga sabo ya samo asali. Wanda ya taso yana jin warin lemo a ɗakin jinya ba zai ga fara'a a cikinsa ba.

Ina da wani ƙorafin kuma a kan nau'in kansa. Saboda ana son turaren ya yi wa kowa daɗi, namiji da mace, yaro da babba, sau da yawa ana goge duk wani abu mai kaifi daga cikinsa har ya rasa fuska. Bargamot a sama, Iso E Super da Ambroxan (sinadarin ɗakin gwaji mai ƙamshin ambar) da farin miski a ƙasa, an gama. Ki jera guda goma daga kamfanoni daban-daban, bayan awa ɗaya da ƙyar za ki bambance su. Idan akwai halin da irin waɗannan suke nunawa, to na mai gudun kada a ce ya yi laifi ne, kuma wannan ba abin yabo ba ne a kowane lokaci.

Sannan maganar cewa mai shi ba ya damun mutane ba kullum take tabbata ba. Hanci yana gajiya da ƙamshin da ya daɗe yana ji, kuma waɗannan manyan sinadaran itace na ɗakin gwaji suna cikin waɗanda wasu mutane ba sa ji sosai, ko su ji su ɓace su dawo. Sai mai turaren ya zaci ya tashi, ya ƙara feshi biyar, na kusa da shi a mota kuma kansa yana sarawa.

Hajiya Uwar Biyu ta amsa:

Ɗana Ɗan Shakka, gaskiyarka ce cewa turare ba ya gyara hali, amma ka wuce wani abu da sauri. Turare ba daga sama yake faɗo wa mutum ba, zaɓa ya yi, kuma zaɓi yana magana. Wanda aka jera wa kwalabe ya tsallake masu zaƙi da masu hawa kai ya ɗauki mai sanyin ƙamshi, ya gaya mana yadda yake son a ji shi, ko da bai gaya mana yadda yake a zuci ba. Tufafi ma haka suke, kuma ba wanda ya ce tufafi ba sa nuna komai.

Abin da ni nake karantawa a wannan nau'i shi ne tazara. Na yi aiki ɗaki ɗaya da wata baiwar Allah mai shafa irinsa. Da safe idan ta shigo ta ajiye jaka, za a ji ɗan kaifin lemo ya ratsa ɗakin, kafin a gama gaisawa ya lafa. Daga nan babu wanda zai ƙara jin komai daga kujerarsa, sai idan ta matso ta miƙo takarda, ko ta gyara mayafi, sai wani ɗumi na itace ya ɗan taso daga hannun rigarta. Wanda ke bakin ƙofa bai san tana da turare ba. Wanda ta yarda ya matso shi ya sani. Wannan, a wurina, shi ne halin da nau'in yake kawowa: mutum mai sakin fuska ga kowa, amma wanda ba kowa yake bari ya san cikinsa ba. Ko ita haka take a gidanta, wannan wani zance ne, amma haka muka ɗauke ta, kuma haka muka riƙa mu'amala da ita.

Kada kuma a manta da tasirinsa a kan mai shi. Mutumin da ya san yana ƙamshi mai kyau tafiyarsa da zamansa da yadda yake kallon mutane suna sauyawa, kuma wannan sauyin ne mutane suke gani su kira shi kwarjini. Lemo da safe yana wartsakar da mai shafa shi kafin ya wartsakar da kowa.

Game da jinsi, abin da na lura da shi shi ne turare ɗaya ba ya faɗin abu ɗaya a jikin mutum biyu, domin muna shaƙa ne da abin da muke tsammani. A jikin mace, busasshen al'ul ko betiba yakan sa a gan ta mai tsayuwa da ƙafarta, wadda ba ta dogara da kwalliya ba. A jikin namiji, wannan turaren dai, musamman idan neroli ya fito a cikinsa, yakan sa a gan shi mai laushin mu'amala, wanda bai damu da nuna ƙarfi ba. Ita ya ƙara mata kaifi, shi ya rage masa. Fatar ma tana da nata: busasshiyar fata tana saurin sakin ƙamshi, mai maiƙo tana riƙe shi, gumi da zafin jiki kuma suna juya shi. Don haka, 'yata, kada ki ɗauki turare domin ya yi daɗi a jikin ƙawarki.

Mai Neman Sani ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na fahimci cewa itacen zan fi dubawa, kuma ina jin betiba ce ta fi kwanta mini. Sai dai, Baba, har yanzu lemon nake so, kuma ina jin takaicin saurin tafiyarsa. Shin idan na sayi mai ƙarfin haɗi zai fi daɗewa? Na kuma ji ana cewa turaren lemo yana iya ɓata fata idan aka shiga rana da shi, ina son in san gaskiyar wannan.

Tsohon Mai Haɗa Turare ya amsa:

Ƙarfin haɗi ba zai ba ki abin da kike nema ba, 'yata. Sunayen Faransanci da kike gani a kwalba suna nuna kimanin yawan man ƙamshi a cikin alkohol: eau de cologne kamar kashi 2 zuwa 5 cikin 100, eau de toilette kamar 5 zuwa 15, eau de parfum kamar 15 zuwa 20. Amma yawan man ba ya sauya nauyin ƙwayar limonin. Za ta tashi a lokacinta ko da an ninka ta. Abin da ma yakan faru shi ne, idan kamfani ya fitar da mai ƙarfi na turare ɗaya, yakan ƙara itace da ambar da miski, sai lemon ya fi dusashewa. Mai son lemo ya fi samun biyan buƙata a eau de toilette.

Abin da zai taimake ki shi ne ki nemi wanda aka ambaci fetigiren ko neroli ko garehul a cikinsa tare da betibar. Betiba da garehul suna da wani ɗaci da suka yi tarayya a kai, saboda haka ko bayan lemon ya tafi, hanci yana ci gaba da jin kamar yana nan. Ki shafa man jiki mara ƙamshi kafin ki fesa, kuma ki ɗan fesa a tufafi, domin zare bai kai fata ɗumi ba, yana sakin ƙamshi a hankali. Sai dai ki fara gwadawa a ɓoyayyen wuri idan yadin fari ne ko siliki. In kina son sabon lemo da rana, ki riƙe 'yar ƙaramar kwalba ki ƙara feshi ɗaya, kada ya wuce haka, saboda gargaɗin da Ɗan Shakka ya yi gaskiya ne, itacen safe yana nan ko ba kya jin sa.

Maganar rana kuma tana da asali. Man bargamot da aka matse yana ɗauke da wani sinadari mai suna bagabtin, wanda idan ya haɗu da hasken rana a kan fata yakan jawo ƙuna, daga baya wurin ya yi duhu, har a ga shatin inda turaren ya gangara a wuya. Man lemun tsami da na lemo mai ɗaci da aka matse su ma suna da irin wannan, na lemun zaƙi ne ba a damu da shi ba. Saboda haka ƙungiyar IFRA, mai shimfiɗa wa masana'antar turare ƙa'idoji, ta taƙaita matsattsen man bargamot zuwa kashi 0.4 cikin 100 a abin da zai zauna a fata, kuma yawancin kamfanoni suna amfani da wanda aka cire wa wannan sinadari. Haɗarin ya fi yawa ga mai sayen tsantsar man ya shafa kai tsaye, ko mai amfani da haɗin da ba a san yadda aka yi shi ba.

Ki kuma kula da ajiya, domin turaren lemo ya fi kowanne saurin lalacewa. Iska da haske da zafi suna sauya limonin, sai ruwan ya yi duhu, buɗewarsa ta koma tsami-tsami da warin fenti, kuma a wannan yanayi ya fi saurin sa fata ƙaiƙayi. Ki bar kwalbar a cikin kwalinta, a wuri mai sanyi da duhu, nesa da taga da banɗaki da cikin mota. Idan ba kullum za ki riƙa shafawa ba, ki ɗauki kwalba mai mililita 30 ko 50 maimakon 100, domin yayin da ruwan yake raguwa iskar da ke cikin kwalbar tana ƙaruwa, kuma lemon ne farkon abin da take ci.